Wa Ya Ja Keken Albarushi

Ku da kuke ta turo min saƙo wai in yi haƙuri, wai saurayi irin Tiberiu ba kullum ake samu ba, na gani, na gode. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya yi min cikin kwana biyun nan. In kun gama har yanzu kuna ganin haƙurin ne ya dace da ni, sai ku sake turowa.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Smaranda Surdu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a Craiova, duk Juma'a da yamma kuma in hau bas in koma gida Ulmeta, inda Mama da Baba suke zaune da kakata ta wajen uba, Mamaie Floarea. Tiberiu Predoi shi ne wanda aka sa mana rana da shi, watan Yuni mai zuwa. Ɗan babban manomin garinmu ne, rabin gonakin alkamar da ke tsakaninmu da kogi nasu ne, Babana kuma shekararsa goma sha tara yana tuƙa musu tarakta.

Sunan gidanmu, Surdu, ma'anarsa kurma. Mun gaje shi ne daga kakan Mamaie, Parvu, wanda ya tafi yaƙin Turkawa na 1877 da kunnuwansa garas, ya dawo ko ƙararrawar coci ba ya ji. Sojan igwa ne, a bakin kogin Dunarea wajen Calafat. Mamaie ta riske shi, tana da shekara shida ya rasu. Tun ina ƙarama labari ɗaya take ba ni: harsashi ya faɗo daga tsallaken kogi, wuta ta kama keken albarushi, kowa ya watse, Parvu ya ɗare doki ya ja keken har cikin kwazazzabo, ya yanke wa dawakan igiya, abin ya tashi a bayansa. Ya ceci mutane, ya ceci igwa huɗu, ya bar kunnuwansa a can.

Amma ku je gaban cocinmu ku duba dutsen tunawa da sojoji. Suna ashirin da uku, babu nasa. Duk shekara ranar jarumai Mamaie za ta ɗaura baƙin kallabinta ta tsaya, Fada, limamin cocinmu, yana karanto sunaye, da ya kai na ƙarshe sai ta ɗaga murya ta ce, "Da Parvu!" Mutane su sunkuyar da kai suna danne dariya. Shekararta tamanin da takwas, har yau ba ta fasa ba.

Shekara biyu da suka wuce gari ya ce za a kafa sabon allon dutse saboda cikar yaƙin shekara ɗari da hamsin, duk mai shaida a rubuce ya kawo. Na ce to, in takarda suke so za su samu.

Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba. Hutuna duk can ya ƙare. Littattafan baftisma da ɓera ya ci gefensu, tsohon rubutun da sai da na koya kamar 'yar aji ɗaya. Parvu bakwai na samu a garinmu a shekarun, babu Surdu ko ɗaya, ashe laƙabin bayan yaƙi ya manne masa. Wata takwas na yi kafin na gane a takarda Parvu Stan ne. Daga nan sai gidan ajiyar takardun soja a Pitesti, jirgin ƙasa sannan bas, in wuni a ɗaki mai sanyi ina shaƙar ƙura. Akwai wata ma'aikaciya a wurin, Madam Otilia, 'yar gajeruwa mai tabarau rataye a wuya, ita ta tausaya min ta ce, "Daina neman sunansa, 'yata. Nemi ranar da keken ya tashi." A rahoton kyaftin ɗinsu muka same shi. Layi biyar ne kacal. Sojan igwa Parvu Stan, mutumin Ulmeta, shi kaɗai ya janye keken yana ci da wuta, an nema masa lambar yabo. Na kifa kai a teburin na yi ta kuka, Madam Otilia tana janye takardar kada hawayena ya ɗiga a kai.

A tsakanin nan ne Tiberiu ya fara zarya gidanmu. Shi ne sakataren kwamitin allon, kowa kuma ya san yana hangen kujerar shugaban gari a zaɓe mai zuwa. Kakan kakansa, Laftanar Anastase Predoi, a rundunar yake shi ma, sunansa ne na farko a tsohon dutsen. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so Tiberiu. Ya kai ni tasha, ya riƙe min jaka, ya zauna awa guda ina zuba masa labarin dawakai da igwa ko hamma ba ya yi. A raina na ce ga wanda ya san abin da ke ci min rai. Watan jiya ya ce in ba shi fayil ɗina ya shigar wa kwamiti. Da hannuna na miƙa masa, har ina ce masa ya kula kada ruwa ya taɓa.

To, ranar Asabar ɗin nan muna tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi muna aikin zakuska, gasasshen yalo da jan tattasai da muke ɗurawa a kwalabe saboda lokacin sanyi. Ina sanye da tsohuwar rigar Baba mai layi-layi, na ƙudundune gashina cikin kallabi, hannuna baƙi ƙirin har gwiwa, hayaƙi na shigar min ido. Mama na juya tukunya. Ƙanwarta, Tanti Leana, wai ta zo taya mu ne, amma tattasai ɗaya take ɓarewa tun safe, ɗaya hannun yana kan waya.

"Kai, kai, kai! Viorela, zo ki ga abin arziki," ta ƙwala wa Mama kira. "Sun saka zanen sabon allon a zauren 'yan gari. Dubi sunan surukanki da harafin zinare."

Ban tsaya wanke hannu ba na fizge wayar. Ga shi a sama, layi huɗu: Laftanar Anastase Predoi, wanda ya janye keken albarushi yana ci da wuta, ya ceci rundunarsa da igwa huɗu. Kalmomin kyaftin ne, waɗanda na kwafo da hannuna, suna kawai aka canja. A ƙasa kuma sunayen nan ashirin da biyu da suka rage. Na karanta sau uku, na ja hoton na ƙara masa girma, na bi layi-layi da yatsa. Babu Parvu. Ko a gefe babu.

"Kin ɓata min waya da baƙi," in ji Tanti Leana.

Na shige ɗaki na ɗauko tawa.

"Mene ne wannan?" na rubuta wa Tiberiu, na haɗa da hoton.

"Zane ne kawai, zuciyata, ba a sassaƙa ba tukuna." Har da 'yar fuskar murmushi.

"Ina sunan Parvu?"

"Zan zo da yamma in yi miki bayani."

"Tiberiu, wa ya ja keken?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Da na fito Mama ta riga ta ja ƙofar ɗakin Mamaie, wadda take barcinta na rana. Ta nuna ni da muciya. "Ko da wasa kada ki tayar min da tsohuwar nan da wannan maganar. Ki je ki wanke jikinki ki saka shuɗiyar rigar nan, yaron zai zo."

Ban canja komai ba. Yadda nake da baƙin yalo haka ya same ni.

Ƙarfe biyar farar motarsa ta tsaya a ƙofa. Riga mai ruwan sararin sama, an goge ta kamar za ta yanki mutum, takalmi yana ƙyalli, turare ya rigaye shi shigowa. Fure a hannu ɗaya, kwalin kek a ɗayan.

"Na sumbaci hannunki, Tanti Viorela. Nea Gelu, sannu da hutawa," ya gaishe da Mama da Baba.

Mama ta washe baki ta share masa kujera da gefen zaninta na aiki, aka ɗora kofi. Baba yana gefe a kan kututture yana gyaran tiyo, kansa a ƙasa. Tiberiu ya miƙo min furen, na bar shi da hannu a miƙe har sai da Tanti Leana ta karɓa.

"Smaranda, ki fahimce ni," ya fara, da muryar nan tasa ta taro. "A tsarin soja duk abin da ƙaramin soja ya yi, da sunan hafsansa ya yi. Laftanar ne mai igwar, shi ne mai keken, shi ne mai mutanen."

"A rahoton an ce laftanar ɗin yana ina lokacin da wutar ta tashi?"

Ya kurɓi kofi.

"Na tambaye ka. Ai ka karanta. Yana tantin kyaftin, can bayan tudu. Sai da ƙurar ta lafa ya iso."

"Allon ba shi da fili, kowane harafi sai an auna..."

"Ya samu filin layi huɗu na ƙarya, bai samu na suna ɗaya na gaskiya ba?"

"Ke!" Mama ta buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Mijin da za ki aura kike ce wa maƙaryaci a gabana? Nan da wata tara ke ma Predoi za ki koma. 'Ya'yanki su tsaya gaban allon su ce kakanmu ne. To ina asarar? Daga aljihun dama ne zuwa na hagu."

"Mutumin da ya mutu tun ba a haifi ubanki ba," Tanti Leana ta karɓe, bakinta cike da kek, "a kansa za ki kashe aurenki? Shekara ashirin da bakwai fa, ba sha bakwai ba. Ƙawayenki masu 'ya'ya biyu ne. Kina can kina bin matattu a cikin takarda, mai rai ya zo har gida da fure kina hararar sa."

"Tanti, shekara biyu na yi."

"Wa ya aike ki?"

Na juya wajen Baba. Shi ne jinin Parvu a wurin, ba su ba. "Baba, ba za ka ce komai ba? Kakan mahaifiyarka ne fa."

Ya daɗe yana murza bakin tiyon nan da ba abin da ya same shi. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Litinin da safe a gonarsu zan kasance, Smaranda."

Wallahi wannan ta fi ta Mama yi min ciwo. Ba haushinsa na ji ba, kunya na ji a madadinsa, na kuma ji haushin wanda ya zauna a tsakar gidanmu yana shan kofinmu ya san sarai Baba ba zai iya buɗe baki ba.

Na ce, "Gobe bayan coci kwamiti zai zauna ya amince da rubutun, ko ba haka ba? Zan zo. Ina da kwafin rahoton a wayata, zan karanta wa gari."

Tiberiu ya ajiye kofin a hankali. "Raka ni mota, don Allah. Minti biyu."

A ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar gyaɗar turawa, murmushin ya sauka daga fuskarsa kamar an cire hula. Ya ciro waya ya buɗe wani hoto ya miƙo min. Tsohuwar takarda ce, irin rubutun da na sani, da hatimin runduna.

"Karanta. Ai kin iya."

Hukuncin kotun soja ne. Mako uku bayan maganar keken, sojan igwa Parvu Stan ya ɗaga hannu ya doki hafsansa, Laftanar Predoi, a gaban mutane. Bulala, shekara biyu a kurkuku, an soke lambar yabon da aka nema masa.

Na dafa motar.

"Kin ga dalilin da ya sa babu shi a tsohon dutsen," ya ce a hankali. "Ba mantuwa aka yi ba. Fursuna ne. Ni rufa muku asiri nake yi. In kin tashi gobe kin karanta taki, dole in karanta tawa, a gaban Fada, a gaban gari, a gaban Mamaie. Shekara tamanin tana kiran sunansa a bainar jama'a. Kina ganin zuciyarta za ta ɗauka? Ke ce mai ba ta maganin hawan jini, kin fi ni sani."

"Barazana kake yi min?"

"Kare ki nake yi, zuciyata." Ya kai hannu zai gyara min kallabi, na kauce. Ya shiga mota, ya sauke gilashi. "Ki saka rigar nan mai aikin hannu gobe, tana yi miki kyau. A gaba za mu zauna."

Na tsaya ina kallon ƙurar motarsa. Abin da na fara yi shi ne tura wa Madam Otilia saƙo, ko Allah zai sa takardar ta jabu ce. Kafin mu gama rufe kwalabe amsarta ta shigo, haɗe da hoton takardar.

"Gaskiya ce, 'yata. A fayil ɗin hafsan take, mu kuma ba mu duba can ba. Wani saurayi ya zo ya nema a watan Yuli, ya ce ke kika aiko shi. Na ɗauka kin gani."

Watan Yuli! Jama'a, ku lissafa da ni. A watan Yuli ne ya ce min zai je Pitesti duba injin girbi. A watan Yulin ne muka je zaɓar zauren biki, yana riƙe da hannuna muna gardamar kalar labule. Wato tun kafin ya karɓi fayil ɗina ya riga ya tanadi abin da zai toshe min baki da shi. Da sunana kuma ya shiga ya karɓo.

Da safiyar Lahadi na saka rigar mai aikin hannun, fara mai ja da baƙin zare a hannuwa, ba don shi ba, don Mamaie ce ta ɗinka ta tun tana budurwa. Baƙin siket, takalmi mara tsini, ko jan baki ban shafa ba. Na tsaya gaban madubi ina ta juya maganar. In na yi shiru, an binne Parvu karo na biyu. In na yi magana, tsohuwa za ta ji a bakin Tiberiu, ta lasifika. Sai na ga abu ɗaya ne ba zan bar masa ba: in dai za ta ji, a bakina za ta ji.

Ɗakinta yana ƙamshin man fitila da busasshen ganyen ɗoɗɗoya da take saƙalawa a bayan hotunan waliyyai. Tana zaune a bakin gado tana kitse farin gashinta gida biyu. Na auna mata jini tukuna, na ba ta ƙwayarta, na durƙusa a gabanta na riƙe gwiwoyinta.

"Mamaie, akwai maganar da zan faɗa miki a kan Parvu. Ki yi min alkawari ba za ki tayar da hankalinki ba."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To faɗi, kin wani riƙe min ƙafa kamar za a yanke."

Na faɗa mata duka. Allon, sunan da aka canja, takardar kotu, bulala, kurkuku. Ina magana ina kallon leɓɓanta ko za su canja kala. Ta ƙarasa kitsonta, ta ɗaure bakin da zare. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Na zabura zan kira Mama, ashe dariya take yi, har da hawaye.

"Abin da yaron nan ya je har Pitesti ya samo ke nan? Da ya zo nan ya tambaye ni ai da na rage masa wahalar hanya."

"Kin sani?"

"Ni da nake zuba masa ruwa a baya in uwata tana yi masa wanka? Bayan nan nasa kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na sa yatsa ina bin layukan, yana dariya." Ta share ido da bakin kallabi. "Takardar ta faɗi dalilin dukan?"

"A'a."

"Ai ba za ta faɗa ba. Wanda aka daka shi ya rubuta. Zauna ki ji. Bayan keken ya tashi mutumin nan ba ya jin komai, jini ma na fita ta kunnensa, amma ba su sallame shi ba, aka mai da shi wajen dawakai. Wata rana yana sunkuye yana duba kofaton doki, Anastase ya zo ta bayansa ya ba shi umarni. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ina zai ji? Sai ya zabga masa bulalar doki a wuya, wai ya raina shi. Mutumin da ya kurmance saboda ceton igwarsa! Kakana ya miƙe, ya juyo, ya ba shi guda ɗaya a hanci. Ɗaya tak. Har Anastase ya mutu hancinsa yana kallon kunnensa na hagu. Ki duba hotonsa a falonsu, me ya sa kike ganin a gefe ya tsaya?"

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. "Mamaie, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba? Shekara biyu ina wahala."

"Kin tambaye ni? Kin ce min takarda suke so, kika tafi tambayar takarda. Kuma ubanki yana cin abinci a hannunsu, uwarki ta ce in na kuskura na ɗauko zancen hanci za ta kai ni gidan tsofaffi." Ta miƙo min hannu. "Tashe ni. Ɗauko min baƙar kwat ɗina da sandar nan mai kan ƙarfe, ba ta katakon ba."

"Ina za mu?"

"Ina kika ce za a yi taron?"

A tsakar gida Mama ta tare mu, da siket ɗinta na coci da gashi a naɗe, idonta ya yi ja. "Mama Floarea, don girman Allah ki zauna. Ki duba Gelu. Ki duba yarinyar nan, an riga an kama zaure, an gaya wa dangi. Me za mu ce wa mutane?"

"Ki ce musu na tsufa, ba na jin magana."

"Smaranda, in kika fita ƙofar nan da ita..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tsaya ba. Ita ba ta je cocin ba ranar. Baba ya tsaya a bakin rumfa da hularsa a hannu yana kallon mu.

Bayan an tashi daga coci gari duka ya kwarara ɗakin taro. Kujerun roba, tuta, dogon tebur da jan ƙyalle, an kafa zanen allon a kan katako. Fada a tsakiya, shugaban makaranta a hagu, Tiberiu a dama cikin baƙar kwat da abin magana a gabansa, kusa da shi kuma babansa, tsoho Predoi, ya harɗe hannuwa a kan tumbi. Tiberiu ya hango ni da rigar, fuskarsa ta saki, ya nuna min kujerar da ya ajiye min a gaba. Sai ya ga wadda take rataye a hannuna.

Minti nawa muka ɗauka daga ƙofa zuwa gaba ban sani ba. Sandar Mamaie kawai ake ji a kan siminti. Wata ta ce daga baya, "Yau ma za mu ji 'da Parvu' ke nan," aka yi 'yar dariya.

Tiberiu ya karanta rubutun allon da muryarsa mai daɗi. Fada ya ce, "In babu mai magana, sai mu ɗaga hannu."

Mamaie ta buga sanda sau ɗaya. Ba ta miƙe ba. "Fada, jikata tana da takarda biyu. Smaranda, karanta musu duka. Ki fara da ta dukan, kada yaron nan ya wahalar da kansa."

Na tako zuwa teburin. Tiberiu ya miƙe ya tare ni, ya rufe abin maganar da tafin hannu, ya sunkuyo saitin kunnena, turaren nan ya cika min hanci.

"In kika karanta, babu aure. Na rantse."

Na dube shi. Na zare zoben daga yatsana, da ƙyar ya fita don hannuna ya kumbura da aikin jiya, na buɗe masa aljihun kwat na jefa a ciki.

"Riƙe min wannan. Matsa."

Da hukuncin kotun na fara, kamar yadda ta ce. Na karanta dukan, na karanta yawan bulalar, na karanta shekara biyun. Da na kai ƙarshe Mamaie ta juya ta fuskanci jama'a daga kujerarta ta ba su labarin kofaton doki da bulala a wuya da hancin Anastase, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba. Wani tsoho a baya ya ce, "Haka kakata ta faɗa min!" Wata ta ce, "Mu ma mun ji." Ashe rabin garin sun sani, kowa ya haɗiye.

Tsoho Predoi ya yi jawur har wuya. Ya finciko hannun ɗansa ya zaunar da shi, ya matso da bakinsa, bai lura Tiberiu ya riga ya ɗauke hannu daga abin maganar ba. Ta lasifika biyu, ɗaya a kowace kusurwa, gari duka ya ji shi:

"Ba kai ka ce min da zarar ka sa mata zobe ba za ta ce uffan ba?"

Fada ya cire tabarau ya ajiye. Tiberiu ya ɗago ya kalle ni, bakinsa a buɗe.

Wayar ta motsa a hannuna, saƙo ya sauko a saman takardar. Mama ce. Tanti Leana, wadda take zaune a layi na uku, ta riga ta kai mata rahoto.

"Kin zaɓa. Kada ki kwana min a gida yau."

Na karanta sau ɗaya. Na ture saƙon gefe da yatsa, na buɗe rahoton kyaftin, na jawo abin maganar kusa da bakina.

"Saura ta biyu," na ce.